Ku Tambayi Kawu: Dandalin Murtala, ƙwallon doki da abin da ke bayan rumfa

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da na yi suɓutar baki a fitowar da ta wuce na ce ina yawan zuwa kallon dawaki a Dandalin Murtala na Kaduna, saƙonni suka yi ta shigowa har wayata ta fara zafi, ashe masu son doki suna da yawa a cikinku shiru kawai kuka yi. Na tsinci guda bakwai, sauran ku yi haƙuri dan Allah. Wanda kuma ya turo yana tambaya wai ni ma ina da doki ne ko bakin kawai gare ni, ya duba tambaya ta uku, amsarsa tana can kuma ba mai daɗi ba ce.

Tambaya: Kawu barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Zariya, duk sanda na shigo Kaduna nakan wuce ta wajen Dandalin Murtala in ga ana janye da dawaki, wani ya ce min filin folo ne, wani ya ce filin sukuwa, wani kuma ya ce wurin faretin 'yan bautar ƙasa ne. Wai wanne ne a ciki? Kuma talaka irina zai iya shiga ko sai mai babbar riga?

Amsa: Ɗana, duk cikinsu ba wanda ya yi maka ƙarya, kowa gefen da ya gani ya faɗa maka. Asalin wurin filin sukuwa ne tun zamanin Turawa, bayan an dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, kuma su Turawan nan duk garin da suka zauna sai ka ga sun yanki fili uku kusa da unguwarsu, na sukuwa da na folo, wato ƙwallon doki, da na golf, haka suka yi a Kano, haka suka yi a Kaduna. A wannan filin aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956 lokacin Sardauna yana Firimiya, sarakunan Arewa kowa ya zo da dawakinsa da 'yan lifida da masu algaita, aka sake yin wani a 1959 da Arewa ta samu mulkin kanta, sannan aka yi na bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, a 1977 wanda saboda baƙinsa aka gina otal ɗin Durbar ɗin nan da aka rushe a 2020. Sunan Murtala kuwa an sa wa wurin ne bayan an kashe Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairu 1976. Gyaran da aka yi wa wurin kuwa gwamnatin jiha ce ta yi, Buhari ya zo ya buɗe a farkon 2022.

To yanzu abin da ke ciki. Akwai babbar rumfa da filin fareti inda ake rantsar da gwamna ake yaye 'yan bautar ƙasa, akwai zauren wasanni mai sunan Umaru Musa 'Yar'aduwa, akwai masu motsa jiki da za ka gani da sassafe da yamma suna zagaye suna haki, wasu ma tumbin ne ke gaba su suna biye. Sannan akwai ɓangaren kulob ɗin folo na Kaduna, da filinsa da gidan kulob da barga. Gidan kulob na mambobi ne da baƙinsu, wannan kar ka je ka ce za ka kutsa, amma kallon wasa daga gefen fili ai mu muka saba yinsa, ka sa kayanka masu tsabta ka tsaya inda 'yan kallo ke tsayawa, in masu gadi sun ce ga hanya ka bi, shikenan.

Amma ni in ka tambaye ni, ana ga doki kana ga ƙura ne in ka tsaya a rumfa kaɗai. Ka samu wata rana ka je bayan sallar asuba, ka nemi izini ka tsaya daga nesa ta wajen barga. A lokacin ne za ka ga aikin, yaran barga sun fito da dawaki kilisa, mutum ɗaya yana kan doki yana janye da biyu ko uku a gefe, wani yana kwashe kashi da cebur yana zubawa a baro, wani ya ɗaga ƙafar doki ya ɗora a cinyarsa yana sakace ƙasa da tsakuwa daga cikin kofato da ɗan ƙarfe, yana yi yana wa dokin magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro, ga warin harawa da fitsarin doki da hayaƙin mai shayi duk sun gauraye. Alhajin da za a tafa wa da la'asar a lokacin bai ma tashi ba.

Tambaya: Malam, ni Bakatsine ne kuma kunya ce a ce ban gane folo ba, amma wallahi ban gane ba. Na je kallo sau biyu, sai in ga an ci ƙwallo an juya, ana cikin wasa wani ya ruga ya canja doki, alƙali ya busa ban ga laifin da aka yi ba. Ka warware min.

Amsa: Kai Bakatsine, lallai ka yi abin kunya amma tunda ka faɗa da bakinka an yafe. Ku ne fa gidan abin. A Legas aka fara buga folo a Najeriya wajen 1904, sojojin Turawa ne ke yi, amma wanda ya sa wasan ya zama namu shi ne Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, ya sa 'ya'yansa da mutanensa suka koya, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya zama gwanin da har yau in ana hirar folo sai an ambace shi, haka ɗan Nagogon, Janar Hassan Usman Katsina. Kofin Georgian da ake bugawa a Kaduna, wanda duk ɗan folon ƙasar nan ke mafarkin ɗagawa, tun 1919 ake fafatawa a kansa.

Bari in fara maka da filin, don in ka gane filin ka gane rabin wasan. Tsawonsa yadi 300 ne wato wajen mita 274, faɗinsa yadi 160 in an kewaye gefe da katako, ka ga kenan ya haɗiye filin ƙwallon ƙafa biyar da ɗoriya. Katakon gajere ne, bai kai gwiwa ba, aikinsa ya maido ƙwallo cikin fili, doki kuwa tsallake shi yake yi ya dawo, shi ya sa ake hana 'yan kallo matsowa jikinsa. Sandunan gola tsakaninsu yadi 8, ba raga, duk tsayin da ƙwallo ta bi in dai ta tsakaninsu ta wuce an ci, kuma da gangan ake yinsu marasa nauyi yadda in doki ya bangaje su za su faɗi ba su karya shi ba. Kowane ɓangare mutum huɗu. Juyawar da ka gani bayan an ci ƙa'ida ce, duk sanda aka ci sai a sauya gola don kar rana ko iska ko gangaren fili ya cuci ɓangare ɗaya.

Ana raba wasan gida-gida, kowane gida ana ce masa cuka, minti 7 ne, ana buga huɗu zuwa shida, a manyan wasannin Ajantina har takwas. Minti bakwai kamar ba komai ko? To ka tuna dabba ce mai kilo ɗari huɗu ko fiye tana sukuwa, a ja linzami ta tsaya cak, ta juya, ta sake zabura, ta yi kafaɗa da kafaɗa da wata, in an gama cuka ɗaya za ka ga kumfa a wuyanta kamar an zuba omo, dole a sauya. Shi ya sa mai buga babban wasa sai ya zo da dawaki huɗu, biyar, shida, kuma shi ya sa folo ke cin kuɗi, ba sandar ce ke da tsada ba.

Busar da ba ka gane ba kuwa yawanci a kan layin ƙwallo ne. In aka buga ƙwallo, hanyar da ta bi ta zama kamar titi, wanda ke bin ta a kan daidai shi ke da hanya, in ka gitta gabansa kusa-kusa ka yi laifi ko da ba ka taɓa shi ba, don karon doki biyu a guje ba abin wasa ba ne. Alƙalai biyu ne a kan dawaki, na uku yana zaune a gefe, in biyun sun saɓa shi ke raba gardama. Sai maganar handikaf, kowane ɗan wasa yana da maki daga -2 zuwa 10 gwargwadon gwanintarsa, a haɗa na mutum huɗun, in ɓangare ɗaya ya fi ƙarfi a wasu gasannin sai a ba raunanan ƙwallaye tun kafin a fara. In an tafi hutun rabin lokaci kuma ka ga mutane sun shiga fili suna tattaka ƙasa, ba hauka ba ne, ciyawar da kofato ya ɓanɓare suke maidawa, kai ma ka shiga ka taka, sai dai ka duba da kyau don ba duk baƙin abu ne ƙasa ba.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Allah ya hore min ɗan abin hannu kuma tun ina yaro nake son doki. Gidana a cikin gari yake ba fili, ina so in saya in ajiye a barga irin ta haya kusa da filin wasa. Me zan duba kafin in ba su dokina? Daga wani ɗan kasuwa, Kaduna.

Amsa: Alhaji Allah ya sa albarka, amma ka zauna tukuna in ba ka labari. Ni ma na taɓa yin doki, bidi ne, mai farin goshi, na tara kuɗinsa a hankali na kai shi wata barga da ba zan faɗi sunanta ba, abin da ya ja ni wurin fenti ne da kwanon rufi sabo da araha. Ban tambayi inda suke samun ruwa ba, ban leƙa ɗakin abinci ba, ban tambayi wa ke kwana da dawakin ba. Wata rana aka fita da shi ya sha gudu, aka dawo aka zuba masa dawa fal da wata harawa da ruwan sama ya taɓa ta yi fumfuna, yaron da ke kula da shi kuma ya tafi gida biki. Cikin dare ciki ya murɗe masa, ya yi ta birgima ba mai gani, da safe aka kira ni na zo na tarar ya goge fatar gefen idonsa da ƙasa saboda shure-shure, jikinsa sharkaf da gumi, kafin likita ya iso ya mutu. Sirdin yana nan a ɗakina har yau, matata ta gaji da cewa in sayar.

Don haka abin da zan ce maka, ka fara da ruwa. Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a rana, da zafin bazara in yana aiki ya fi haka, barga mai dawaki ashirin da ke jiran 'yan garuwa ba barga ba ce, ka ga rijiyar burtsatse da tankinta da idonka, ka leƙa kwamin shan ruwan ka ga ko ya yi gansakuka. Daga nan ka ce a kai ka ɗakin abinci, ka cusa hannu cikin harawar ka shinshina, mai kyau tana da ƙamshi da ɗan kore-kore, in ka ji warin rima ko ka ga ƙura fara tana tashi ka juya. Ka duba ko buhunan dusa da dawa suna kan katako ko a ƙasa ɓeraye na fitsari a kai. Ka sani cikin doki ƙarami ne a kan girman jikinsa kuma ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi sau da yawa, ciyawa da harawa su ne tushe, hatsi ƙari ne gwargwadon aikin da yake yi, ba a kuma sauya masa abinci rana ɗaya. Kanwa da gishiri da iyayenmu ke bayarwa suna da amfaninsu amma da awo.

Sai ɗakin. In irin na zamani ne da ake sakin doki a ciki, ya kai kamar ƙafa 12 kowace kusurwa yadda zai juya ya kwanta ya tashi ba tare da ya maƙale da bango ba, iska na ratsawa, ƙasan ba siminti mai santsi ba. In kuma irin namu ne na turke da dabaibayi a kan yashi, shi ma ba laifi in dai ana sauya yashin, akwai inuwa, kuma ana kwance shi kullum a fita da shi, don dokin da ya wuni ya kwana a ɗaure kwana uku shi ne ranar da ka hau zai yi da kai. Ka kalli inda suke zubar da kashi, in a bakin ɗakunan aka tara shi to ƙuda da ƙwari sun samu gida. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, akwai cutar dawaki ta Afirka da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗawa, tana kama huhu, kuma dawakin da aka kawo daga waje ta fi yi wa kisa. Ka tambaya ko suna yin allurar rigakafinta da ta titanus, da maganin tsutsar ciki da na kaska, wane likitan dabbobi suke kira, kuma yana zuwa da dare? Mu nan mun yi sa'a asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana Zariya, amma murɗar ciki ba ta jiran a nemo motar ɗaukar doki. Ka tambayi mai gyaran kofato, duk sati shida zuwa takwas ya kamata a yanke a daidaita.

Amma duk wannan ƙasa yake da mutum ɗaya, muri, wato mai kula da dokin. Ka je ba tare da ka sanar ba, ka ga yadda dawakin ke yi in ya shigo, in suna miƙo wuya suna shinshinarsa to alhamdu lillahi, in suna ɗage kai suna maƙe kunne in ya ɗaga hannu to yana dukansu. Ka tambaye shi a gefe ko ana biyansa a kan lokaci, dawaki nawa ke hannunsa, a ina yake kwana. Muri na ƙwarai tun daga yadda doki ya bar ragowar dusa ko ya waiwaya yana kallon cikinsa yana tonon ƙasa da ƙafa zai san akwai matsala, kuma shi zai kira ka ƙarfe biyun dare. In ka samu irinsa ka riƙe shi hannu bibbiyu, ka san sunan 'ya'yansa, kayan sallarsa ya riga na dokin. Kuɗin sayen doki kuma shi ne mafi sauƙi a lissafin, ka zauna ka auna abinci da haya da albashi da magani na shekara guda kafin ka taya.

Tambaya: Kawu ina wuni. 'Yata shekararta 11, ta dame ni sai ta koyi hawan doki, babanta ya yarda ni ce nake tsoro. Kuma mutane za su ce me mace za ta yi da doki. Daga wata uwa, Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya lafiya lau. Maganar mutane dai, 'yan Zazzau ne mu, in an ce me mace za ta yi da doki ki ce su je su tambayi Sarauniya Amina. Kuma yanzu akwai mata masu buga folo a ƙasar nan, ba a Turai kaɗai ba.

Tsoronki kuwa yana kan hanya, doki ba keke ba ne. Abin da zan roƙe ki kar a fara mata a babban fili, kar kuma a fara mata a kan ingarma irin na hawan sallah don kawai na kawunta ne. Wurin koyo na gaskiya yana da ɗan kewayayyen fili mai yashi, mai koyarwa ya tsaya a tsakiya riƙe da doguwar igiya doki na zagaye shi, yarinya ta koyi zama da riƙon linzami da tsayarwa kafin a zo maganar sassarfa balle sukuwa. Dokin ya zama tsoho mai sanyin hali wanda yara suka saba hawa. Hular kwano dole, wadda ta zauna mata daidai a ka kuma a ɗaure igiyar a haɓa, ba ta aro mai lilo ba, takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya don kar ƙafa ta zurma cikin likkafa, in ta faɗi da ƙafa a maƙale doki ya ja ta, wannan shi ne abin da muka fi tsoro. Wando ta sa a ƙarƙashin doguwar riga, hijabin kuma ƙarami wanda za a cusa cikin riga, ba mai jan ƙasa da zai kama wani abu ko ya yi fiffike ya firgita dokin ba. Ki tsaya ki ga mai koyarwar ya duba majayi ya ƙara ɗaure shi kafin ta hau, in bai yi ba ki yi magana. Ki zauna a wurin duk darasin, ke ko babanta. Za ta faɗi wata rana, kowa ya faɗi, a kan yashi da hula a kai yawanci kuka ne da kakkaɓe riga. Ki ce kuma a koya mata goge doki da ɗaura sirdi da hannunta, kar a riƙa miƙo mata shi a shirye kamar mota.

Tambaya: Malam me ya sa 'yan folo ke kashe kuɗi su kawo doki daga Ajantina alhali ga namu? Raini ne ko kuwa? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

Amsa: Malam ba raini ba ne, aiki ne ya bambanta. Dokinmu na Arewa da na Azbin da waɗanda ake kawowa daga Chadi da Sudan suna da juriyar da na waje ba su da ita, zafi, ƙishi, ƙarancin abinci, cututtukan ƙasar nan, duk sun saba, kuma da su iyayenmu suka buga folo shekara da shekaru, har yanzu da su ake buga ƙananan kofuna kuma da su yawancin 'yan wasa ke koyo. Na Ajantina kuwa an daɗe ana haɗa irinsa musamman don wannan wasan, ya fi girma da nauyi da sauri, in ya jingina da naka a guje sai ya ture shi daga layi, kuma tun yana dukushi ake horar da shi ya bi ƙwallo ya juya da hannu ɗaya. Wani abin da zai ba ka mamaki, mu nan ingarma muke taƙama da shi, su kuwa yawancin dawakin folonsu goɗiyoyi ne. Amma fa shagwaɓaɓɓe ne, sai da fanka, sai da gidan sauro, sai da abinci na musamman da likita a kusa, wurare irin su kulob ɗin folo na Fifth Chukker da ke Kangimi a hanyar Jos an gina su ne da irin wannan lissafin.

Ko shiri ma daban. Dokin hawan sallah ana lulluɓe shi da jalala da kayan ado, sirdi mai ƙwacciya gaba da baya, linzami mai kaifi don ya yi rawa ya tsaya cak gaban sarki. Na folo kuwa tuɓe shi ake yi, a aske geza, a naɗe wutsiya a ɗaure don kar sanda ta sarƙe, a naɗa bandeji a ƙafafu huɗu saboda dukan ƙwallo da sanda, sirdi ɗan falle. Na sukuwa shi kuma ba ruwansa da juyi, ya miƙe kawai, da ɗan yaro mara nauyi a bayansa.

Tambaya: Kawu mu fa mun gaji da yaran nan masu kilisa a kan kwalta duk Juma'a da ranar biki, sun kusa take min yaro. Tunda akwai filin doki a gari me ya hana su zuwa can?

Amsa: Allah ya kiyaye gaba, kuma kina da gaskiya 'yar'uwa, an sha hana wannan abin a Kano ma saboda irin haka. Sukuwa a kan kwalta cuta ce ga kowa har da dokin, kofato ba ya kama kwalta, santsi yake, kuma dukan da ƙafar ke sha yana lalata jijiya da gaɓa, dokin da aka saba yi wa haka ba ya daɗewa bai fara ɗingishi ba.

Amma filin folo ba zai ɗauke su ba, kuma ba rowa ba ce kawai. Wannan ciyawar da kike gani shimfiɗe kamar darduma, irin kiri-kiri ce mai yaɗo, aiki ake yi a kanta duk shekara, a yanke, a ba ta ruwa da rani, a cike rami, a bi a kashe suri tun gara ba ta gina ba, don rami ɗaya da bai fi tafin hannu ba ya isa ya karya ƙafar doki a guje, kuma dokin da ya karye a ƙafa yawanci shikenan. Da damina in ƙasa ta jiƙe su kansu 'yan kulob ba sa hawa kanta, da hunturu kuma in ba ruwa sai ta bushe ta koma kamar daɓe. A saki dawaki hamsin a kai ranar Juma'a ɗaya an gama da ita. Abin da yaran nan ke buƙata hanyar kilisa ce mai yashi da shinge, da lokaci sananne da babba mai tsawatarwa, ba wani abu mai tsada ba ne in aka kwatanta da shataletale ɗaya. Matsalar ita ce duk filin da doki ke gudu a da, a garuruwanmu, ido ake sa masa, yau a yanki gefe a yi shaguna, gobe wurin biki, su kuma yaran ba su daina son doki ba, sai suka hau titi. Ku haɗu da mai unguwa da masu ba da hayar dawakin, don su suka san kowane yaro da dokin da ya ɗauka.

Tambaya: Ni bahago ne, zan iya buga folo? Kuma yaushe ake babban wasan Kaduna in zo?

Amsa: Za ka iya amma da dama za ka riƙe sanda, doka ce, don in bahago da mai dama suka nufo ƙwallo ɗaya daga gaba da gaba to dawakinsu goshi da goshi za su haɗu. Linzami ne zai koma hagunka, ka ga nan kai ka ci riba. Gasar Kaduna kuwa bayan damina ta ɗauke ake yi, wajen ƙarshen shekara, wasan da ya fi zafi da la'asar ne. Ka zo da hula da ruwanka, kar ka tsaya daidai bayan gola don ƙwallon nan tauri gare ta kamar dutse, kar ka bi ta bayan doki ko da a ɗaure yake, kuma in za ka ɗauki hoto da dokin wani ka fara yi wa murinsa sallama.